Akwatin Ranar Alhamis

Tun da na ajiye alli ake gayyatata tarurrukan bita, ba don ana son jin ta bakina ba, sai don a samu furfura a layin gaba idan za a ɗauki hoto. A na baya-bayan nan wani saurayi ya tsaya da kwamfutarsa yana haska mana bango, yana yi mana albishir cewa bincike ya gano yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da ya tashi da shi, kuma wai yana da kyau a jawo iyaye cikin lamarin. Aka yi ta tafi. Yaron kirki ne, ya durƙusa ya gaishe ni da aka tashi, ba ni da abin faɗi a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk ɗakin nan babu wanda ya nuna ya san an taɓa yin wannan aiki a ƙasar nan, an yi shi da kyau, sannan aka bar shi ya mutu.

Ba zan ɓata lokacin abokan aiki da labarin Hukumar Talifi ta Zariya da gasar 1933 ba, kowa ya haddace shi don jarrabawa. Abin da ba a tambaya a jarrabawa shi ne inda littattafan nan suka kwana bayan sun bar maɗaba'a. Wa ya karanta su, a wane ɗaki, wa ke saurare?

Makarantar da aka fara tura ni bayan na fito daga kwalejin horon malamai ta En'e ce, a wani gari mai kasuwa sau ɗaya a mako. Hedimastanmu tsohon ɗan Midil ne, gajere, mai tsananin tsabta, ba ya ɗaga murya. Dukanmu Malam muke ce masa, har hakimi. A ofishinsa akwai akwatin katako mai kwaɗo, cike da littattafan Gaskiya da na NORLA waɗanda ya tara tun zamanin Yaƙi da Jahilci, da sababbin bugun NNPC da ya riƙa saye bayan an kafa kamfanin a 1966. Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ba sa shiga akwatin, waɗannan na aji ne. Na akwati su ne Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da makamantansu, kowanne an yi masa riga da takardar buhun siminti.

Ranar Alhamis ake buɗe shi, kafin a tashi. Na daɗe ina zaton ranar ta zo ne haka kawai, sai da Malam ya gaya mini dalili. Alhamis da Juma'a makarantar allo tana hutu, saboda haka yaron da ya tafi da littafin boko gida ba zai haɗa shi da lokacin allonsa ba, malamin allo kuma ba zai ce mun zo raba shi da almajiransa ba. A garin da rabin iyaye sai da dagaci ya matsa kafin su ba da 'ya'yansu, wannan lissafi ba ƙarami ba ne. Malam bai taɓa yin gardama da malaman zaure ba. Da Azumi ma rufe akwatin yake yi.

Sharaɗin aro guda ne. Ba a yarda yaro ya shige ɗaki ya karanta a zuci ba, sai ya karanta wa wani a gida da babbar murya: uwarsa, kishiyar uwarsa, kakarsa, ko wace ce ke zaune a tsakar gida bayan sallar lisha. Ranar Litinin kuma ba ma tambayarsa abin da littafin ya ce. Tambayar Malam ita ce, “Me Inna ta ce?” Yaron da bai karanta ba yana iya satar labarin daga bakin abokinsa a hanya, amma ba ya iya ƙirƙiro abin da uwarsa za ta faɗa. Nan take ake gane shi.

Amsoshin da muke samu ranar Litinin sun koya mini adabi fiye da kwaleji. A Shaihu Umar mu malamai muna ta bayani kan cinikin bayi da ayarin Sahara da yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsara labari a bakin malami yana gaya wa almajiransa. Matan gida ba ruwansu da wannan. Su uwar Umar suke bi, macen da ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta, ta gan shi a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta cika. Wata yarinya ta ce kakarta ta hana a ci gaba da karatu daren nan, ta ce a rufe, domin ita ma an taɓa sace ƙanin uwarta ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A farkon shekarun 1970 akwai tsofaffin da wannan ba tatsuniya ba ce a wurinsu. Ruwan Bagaja kuwa dariya ake sha, ana jiran a ji abin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe za su sake ƙulla wa juna, ko da yake akwai mahaifin da ya aiko a gaya mana kada a sake bai wa ɗansa littafin da ake wasa da malamai a ciki. Malam ya sa babbar riga ya je zauren mutumin da kansa. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai ga yaron ya ci gaba da aro.

Magana Jari Ce ita ce ba ta kwana a akwati. Masana sun yi rubutu mai yawa kan inda Abubakar Imam ya samo labaransa, na Larabawa da na Turawa da na Indiya waɗanda aka tara masa lokacin da ya zauna a Zariya a 1936 yana rubutu. Wannan gaskiya ne, amma ni abin da na ga ya sa matan aure suka karɓi littafin daban ne. Dubi ginin littafi na ɗaya: yaro ne, Musa, yake son ya fice daga gida ya bi mahaifinsa wurin yaƙi, aku kuma yana riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Wace uwa ce ba ta san wannan aikin ba? A littafi na uku kuwa uba ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake magana da yadda ake zama da manya. Littafin tarbiyya ne daga farko har ƙarshe, kuma waɗanda tarbiyya ke hannunsu sun gane shi tun kafin mu.

Akwai rabin aikin da na fi jin zafin ɓacewarsa. Malam ya ce wanda ya ci bashi sai ya biya: duk gidan da aka karanta wa littafi, sai su ma su aiko da nasu. Yaro zai zo da tatsuniya ɗaya ko kacici-kacici daga bakin wadda ya karanta wa, ya rubuta a littafinsa na insha'i da sunan unguwarsu. Da wannan muke koyar da rubutu, da raba kalma, da ƙa'idar ɗ da ƙ da ɓ, ba da jimlolin da aka ƙaga a ofis ba. Lokacin da littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suka iso gare mu, yara suka yi ta gardama cewa ba haka kakarsu take faɗin ta Gizo da Ƙoƙi ba. Malam ya ji daɗin gardamar nan ƙwarai. Ya sa aka karanta na littafi, aka karanta na kaka, ya ƙi yanke hukunci.

Na tuna wani bisitin tica da ya zo duba mu a kan babur. Ya sa aka buɗe akwatin, ya ɗauki littafi ɗaya ya kai hanci. Ya ce yana jin hayaƙin aci-balbal da daddawa, saboda haka an karanta. Ya ɗauki wani fes da shi, ya tambayi Malam laifin da wannan ya yi aka tsare shi. Irin masu duba makarantu da muka sani ke nan. Kafin ya zama mai dubawa ya yi shekaru yana riƙe da aji ɗaya, ya san bambancin yaron da ke karatu da wanda ke rera abin da ya haddace yana bin layi da yatsa.

Sai UPE ta zo a watan Satumba na 1976. Ba na cikin masu zaginta, domin yaran da ta shigar makaranta da ba za su taɓa shiga ba. Amma ajin da muka saba gani da yara talatin ya koma ba a iya ƙirgawa, aka buɗe makarantu a gindin bishiya, aka ɗebo malamai da horon gaggawa, a shekarar kuma aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Akwati ɗaya ba ya isar wannan taro. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta rubuta cewa a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, wato abin da muke yi ba tare da takarda ba ya samu takarda daidai lokacin da ya fara kuɓuce mana. Da tsadar da ta biyo bayan 1986 ta zo, littafin da ya yage ba a maye gurbinsa. Daga baya aka rufe kwalejojin Giredi Tu, aka ce sai mai NCE. Ba na raina NCE, na koyar da masu ita, amma a Giredi Tu ne ake sa ɗalibi ya tsaya gaban 'yan aji biyu ya karanta labari da murya, malaminsa na zaune a baya yana rubuta inda ya yi sauri da inda ya kashe labarin.

Karatun bai mutu a gidaje ba, mu ne ya bar hannunmu. 'Yan matan da suka karanta wa iyayensu Shaihu Umar a tsakar gida, tsararsu ce ta cika shagunan hayar littattafai a Kano da Kaduna da Gusau, daga cikinta kuma aka samu marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Abokan aikina da yawa sun ɗauki littattafan nan abokan gaba, suna binciken jakar 'yan mata suna ƙwacewa. Ni ban ga hikimar haka ba. Mun yi shekaru muna roƙon Allah ya sa yara su so karatu, da suka so kuma muka ɗauki bulala. Ƙorafina a wani wuri yake: waɗannan littattafai na manya ne, zancen aure da kishi da saki, kuma daidai ne a rubuta su. Amma ɗan shekara tara fa? Tun bayan su Umaru Dembo mai Tauraruwa Mai Wutsiya da Wasannin Yara, waɗanda suka zauna suka rubuta wa yaron firamare labari mai daɗi, ba darasi mai rigar labari ba, ba su da yawa. Marubutanmu sun tsallake yaro sun tafi wurin budurwa, domin ita ke da kuɗin haya.

Littattafan insha'in nan na tatsuniyoyi Malam ya tara su a kabad, ɗauri-ɗauri, kowace shekara da nata. Bayan rasuwarsa na koma garin na tambaya. Aka ce an yi gyaran ofis, an kwashe tsofaffin takardu an ƙone. Wanda ya gaya mini bai ga abin damuwa ba, har ya nuna mini sabon fenti.

Kwanakin baya na raka jikata makarantarsu, hedimastan ya ja ni ofis don ya nuna mini abin alheri da aka kawo musu. Katan-katan ne na littattafan Hausa na yara, masu launi, takarda mai kyau, irin wadda Malam bai taɓa riƙewa ba. Yawancinsu ko buɗe su ba a yi ba. Na ce masa, “Malam, me ya hana a ba yara su je da su gida?” Ya ce, “Baba, ƙirga su ake zuwa yi. In ɗaya ya ɓace, a albashina za a cire.” Ban ga laifinsa ba, albashin nasa ma ba ya kai shi ƙarshen wata. Na roƙe shi ya ara mini guda biyar da sunana, in sun ɓace ni zan biya. Ya ce sai ya tambayi na sama da shi, in dawo wani makon.