Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Tarihin Ciyar da 'Yan Makaranta a Nijeriya

A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihin abincin da gwamnati ke bai wa 'yan makaranta kyauta, domin mu ga dalilin da ya sa abin ke zuwa yana wucewa kamar ruwan bazara.

Ciyar da ɗalibi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa, makarantun midil na En'e na kwana ne, kuma hukuma ce ke ɗaukar nauyin cin yaran. Mu ma da muka yi makarantar kwana mun gaji wannan gata, ko da yake mun sha ƙorafi a kan miyar da ruwa ya yi wa yawa. Amma ɗan firamare mai jeka-ka-dawo bai samu wannan rabo ba. Ko lokacin da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, azuzuwa da malamai aka sa a gaba, cikin yaro kuwa aka bar wa iyayensa.

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta soma ciyar da 'yan firamare a Jihar Kano. A 2004 dokar ilmin bai-ɗaya ta lissafa abincin rana cikin abubuwan da za a bai wa yaro kyauta. Sa'an nan a 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin gwaji a jihohi 12 da Abuja, wanda manufarsa ita ce a sayi abincin daga manoman yankin da makarantar take. Cikin 'yan shekaru shirin ya mutu a ko'ina, in ban da Jihar Osun wadda ta riƙe nata, har ta faɗaɗa shi a 2012.

A 2016 gwamnatin Shugaba Buhari ta farfaɗo da shi ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan Naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mayar da kuɗin Naira 100. Gwamnati ta ce yara fiye da miliyan 9 sun amfana, kuma dubban mata sun samu aikin dafa abincin. Sai dai tsadar kaya ta cinye darajar kuɗin, sa'an nan a watan Janairu na 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi domin a yi bincike.

To, mene ne ya bambanta mu da ƙasashen da nasu ya ɗore? Mu ɗauki Indiya. A can ma wasu jihohi ne suka fara, gwamnatin tarayya ta shigo a 1995. Amma a 2001 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci jihohi su riƙa ba yara dafaffen abinci, kuma a 2013 doka ta mayar da shi haƙƙin yaro. Saboda haka gwamnati na sauyawa, tukunya na bisa wuta.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san duk shirin da aka jingina da sunan shugaba, ranar da shugaban ya sauka shi ma ya kama hanya. Rubuta abu cikin doka kaɗai ma bai isa ba, kamar yadda muka gani a 2004. Sai an ware masa kuɗi tsayayye, an sake su a kan lokaci, an kuma sa ido a kan wanda ya karɓa.

'Yan'uwa, cikinmu akwai daraktoci da 'yan majalisa da shugabannin makarantu. Mu da aka ciyar har muka zama abin da muka zama, bai kamata mu yi shiru ba alhali ƙannenmu da 'ya'yanmu na zama a aji da yunwa.