Masu Ƙararrawar Asuba: Yadda Aladura Suka Samo Asali

Duk mai sammako a garin Badun ya sha jin ƙararrawa tun kafin gari ya waye, ya kuma sha ganin masu fararen riguna suna dawowa daga kwanan addu'a. Kwanaki yaron shagona ya tambaye ni, “Malam, su waɗannan da na babban cocin nan ba abu ɗaya ba ne?” Na ce masa duk Kiristoci ne, amma akwai tarihi a tsakaninsu. To tarihin ne zan ɗan gutsuro mana, don wanda kuke cin kasuwa ɗaya da shi ya kamata ka san abin da ke tafe da shi.

Sunan da Yarbawa ke kiran su shi ne Aladura, wato masu addu'a. Masana harshe da dama na cewa kalmar “adura” ɗin ma daga addu'ar da muka sani ta fito.

Abin ya faro a 1918, shekara biyu kacal da kafa Sabon nan tamu. A shekarar annobar mura ta shigo ta Ikko a jiragen ruwa, ta yi ta ɗibar mutane. Gwamnatin Turawa ta rufe wuraren taruwa, har da coci-coci. Kun ga ke nan a lokacin da mutane suka fi bukatar wurin kai kuka, sai suka tarar da ƙofa a garƙame. A Ijebu-Ode wasu 'yan cocin Angilika suka ce ba za su zauna ba, suka riƙa taruwa suna addu'a da kansu. Cikin manyansu akwai wani maƙerin zinariya, Joseph Shadare, da wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, wadda ta ce an nuna mata cewa ruwan sama da addu'a su ne maganin annobar.

Annoba ta wuce, amma tambayar da ta bari ba ta wuce ba: shin don me aka kafa coci? A tsarin 'yan mishan, coci wurin ibada ce ta ranar Lahadi bisa littafi da ƙa'ida, ga makaranta a gefe, ga asibiti. Su kuwa waɗannan suka ce in coci ba ta iya tsaya wa mutum ranar ciwo, ranar rashin haihuwa, ranar tsoron maita, to me ta tsinana masa? Suka daina shan magani, na Turawa da na gargajiya duka, suka ƙi yi wa jarirai baftisma. A 1922 suka rabu da Angilika, daga baya suka ƙulla zumunci da wata ƙungiya ta Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle. A Ikko kuma, a 1925, Moses Orimolade da Christiana Abiodun suka kafa ƙungiyar Cherubim and Seraphim, masu fararen rigunan da muke gani.

Amma wanda ya hura wutar ta kama ƙasa shi ne Joseph Ayo Babalola. An haife shi a 1904 a Odo-Owa, cikin jihar Kwara ta yanzu. Ba fasto ba ne, direban rolar danne hanya ne a ma'aikatar ayyuka. A watan Oktoba na 1928 yana aiki kusa da Ikeji-Arakeji, rolar ta mutu, ya ce ya ji murya tana kiran sa ya bar aikin ya fita wa'azi. Ya ajiye albashinsa ya ɗauki ƙararrawa. A watan Yuli na 1930 aka yi babban taron Oke-Oye a Ilesha. Mutane suka yi ta kwarara daga garuruwa, wasu a ƙafa, suna riƙe da kwalabe don a yi musu addu'a a ruwa. Masu layu da gumaka suka riƙa kawo su ana ƙonawa. Ana ba da labarin har marasa lafiya sun riƙa barin asibitin mishan na Wesley suna tafiya can.

Ai kuwa hankalin hukuma ya tashi. 'Yan mishan na ganin ana kwashe musu mabiya, Turawan mulki kuma ba sa son taron da ba su riƙe da linzaminsa. A 1932 aka ɗaure Babalola wata shida a Binin, bisa zargin wa'azinsa ya jawo ana jifan mutane da maita. Don neman inuwa, tun a 1931 shugabanninsu suka gayyato 'yan Apostolic Church daga Ingila. Zaman bai ɗore ba. Sai aka gano Turawan suna shan kwinin don zazzaɓin cizon sauro. Aka ce, yaya kuna koyar da cewa addu'a ta isa, kuna haɗiyar ƙwaya a ɗaka? A kan haka aka raba gari wajen 1940, aka samu Christ Apostolic Church. Shugabanta na farko kuwa mutumin Badun ne, Isaac Akinyele, wanda ya zama Olubadan daga 1955 zuwa 1964. Dattawanmu na Sabo sun zauna ƙarƙashin sarautarsa. Babalola ya rasu a Ede a 1959.

To ina aka kwana? Zafin imanin nan ya yi abin da tsari bai yi ba: ya jawo dubban mutanen da 'yan mishan suka shekara suna kira ba su zo ba, ya kuma nuna baƙin mutum zai iya jagorantar cocinsa ba tare da Bature ba. Amma fa yana da tsada. Wanda ya ƙi magani, ciwon da ƙwaya ɗaya za ta kore yana iya kai shi kabari, kuma zargin maita in ya shiga gari ba ya barin zumunci. Ga yawan rarrabuwa: Orimolade da Abiodun ma kafin 1930 sun raba hanya.

Yau kowane ɓangare ya ɗebi na ɗan'uwansa. Tsofaffin coci-cocin mishan suna kwanan addu'a da kiɗa da roƙon waraka. Cocin Babalola kuma tana da makarantu, har a 2006 ta buɗe jami'a da sunansa a Ikeji-Arakeji, yankin da rolarsa ta tsaya. In kun ji ƙararrawar nan gobe da asuba, daga can ta taso. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.