Gonar Tuttle: Gandun da Ya Shekara 381 a Hannun Gida Ɗaya

A garin Dover na jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka, akwai wata gona da aka daɗe ana kiranta ɗaya daga cikin gonakin iyali mafi daɗewa a ƙasar. Bisa tarihin da 'yan gidan suka riƙe, kakan kakanninsu John Tuttle ya taso daga Ingila, ya kafa ta a 1632 da eka 20 kacal, tsakanin kogin Bellamy da na Piscataqua. A lokacin ita kanta Amurka ba ta zama ƙasa ba, sai bayan shekara 144 ta ayyana 'yancin kanta. Tun daga kafa ta gonar ta riƙa sauka daga hannu zuwa hannu a cikin gidan, har zuri'a goma sha ɗaya. Da Bahaushe zai gan ta, cewa zai yi gandu ne.

An daɗe ana noman abin da gida zai ci kawai. William Penn Tuttle ne ya faɗaɗa ta zuwa eka kusan 200, ya riƙa loda kayan lambu a keken doki yana kaiwa garuruwan kusa. Ɗansa Hugh ya haƙa tafkunan ban ruwa, ya yi suna wajen alkinta ƙasa da ruwa, har mujallar Life ta ba da labarinsa a 1971. Daga baya jan rumbun gonar, Tuttle's Red Barn, ya zama babban kanti a bakin titi.

Amma sai da kaka ake ganin kyan wurin. A wannan yanki, da Oktoba ya kama sai ganyen itatuwa su rikiɗe su koma ja da ruwan ɗorawa, sanyi ya fara shigowa, mutanen gari su kwashi 'ya'yansu su nufi gonaki. Ga kabewa jibge a ƙofar rumbu, yaro ya rungumo wadda ta kusa fin ƙarfinsa, yana nishi, ya ƙi yarda a karɓa masa. Masara mai zaƙi kuwa da ita aka fi sanin gidan Tuttle. Wanda aka kai shi gonar yana ƙarami, shi ma ya girma ya kai nasa. Wannan sabo shi ne abin da na fi jin zafin yankewarsa.

A 2010 Will Tuttle da 'yar'uwarsa Lucy, waɗanda gonar ke hannunsu a lokacin, dukansu sun haura sittin, suka sa ta a kasuwa. Ƙarfi ya ja baya, bashi ya taru, manyan kantuna sun janye masu saye, kuma ba su so su ɗora wa 'ya'yansu wannan kaya. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Sun ma yi abin a yaba, domin tun kafin nan sun shiga yarjejeniyar da ta hana a yanka filin a yi gidaje, ko da hakan zai rage masa kuɗi.

Sai a 2013 aka samu mai saye, mai gonar Tendercrop ta jihar Massachusetts, a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai, alhali sama da miliyan 3 aka nema da farko. Ba a daina noma filin ba, amma ya tashi daga sunan Tuttle.