Yadda Ganga Ta Shiga Majami'a

Wanda ya bi ta wasu unguwannin Maraɗi ko Yamai ran Lahadi da hantsi yakan ji kiɗa da waƙa suna tashi daga wani gida mai gicciye bisa ƙofa. Kiristoci ne ke sujada. Da kakanninsu za su tashi su ji wannan kiɗa, da sun rantse ba majami'arsu ba ce. A zamaninsu ba a kaɗa ganga wurin addu'a. Yau za mu ba ku tarihin yadda abin ya sake.

Kiristoci ba su da yawa a ƙasarmu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cikin mutum 100, 99 Musulmi ne. Amma maƙwabtanmu ne. Kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, kuma da yawa cikinmu sun kai mara lafiya asibitinsu na Galmi. Kiristocin kashi-kashi ne. Waɗanda za mu yi maganarsu su ne ake kira masu bishara, ban da Katolika.

Asalinsu wata ƙungiya ce ta Turawan mishan, sunanta SIM. A 1893 samari uku suka sauka Ikko cikin jirgin ruwa, biyu daga Kanada, ɗaya daga Amurka. Nufinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Shekara ba ta kewayo ba, biyu suka mutu. Na ukun, Bingam, ya koma gida da zazzaɓi, amma bai fasa ba. Sai 1902 suka kafa tasharsu ta farko a Fategi, bakin Kwara. Daga can suka yi ta matsowa arewa, har suka iso Damagaram a 1924. Bayan ƴan shekaru suka zauna Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kusa da Maraɗi.

A lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Nasaran da ke mulki ba su saki jiki da waɗannan baƙi ba, don Ingilishi ne harshensu, kuma daga ƙasar da Ingila ke riƙe da ita suka ƙetaro. Su kuwa ƴan mishan ba su damu da Faransanci ba. Hausa suka koya, da Hausa suke wa'azi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausar boko. Duk wanda ya shiga addinin, abu na farko shi ne a koya masa baƙaƙe don ya karanta da kansa. Kun ga, irin karatun da kuke yi yau a wurin yaƙi da jahilci, akwai manoma a Gobir da suka fara shi tun kafin a haifi iyayenmu.

Mutanen farko da suka bi ba su da yawa. Suna kiran kansu masu bi. Mafi yawansu talakawa ne: ma'aikatan gidan mishan, da marayu, da waɗanda suka zo neman magani. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi.

Bin hanyar nan ba abu mai sauƙi ba ne. Wani dangi suka yashe shi, wani aka hana shi mata. Ga kuma dokokin mishan masu tsanani. Ba giya, ba taba, ba laya. Mai mata biyu ba a yi masa baftisma. Ba rawa, ba kiɗa.

Me ya sa suka ƙi kiɗa? A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi bori yana da ƙarfi. Da goge da ƙwarya ake kiran iskoki. Da ganga ake bukin Anna, ana shan burkutu. Baturen mishan in ya ji kiɗa, abin da ke zuwa ransa ke nan. Ya ga cewa wanda ya bar bori jiya, in ya ji kiɗa yau, zuciyarsa za ta koma. Sai aka ɗauko waƙoƙin majami'un Ingila da Amurka aka juya su da Hausa. Kalmomin namu ne, muryar kuwa ta can ce. Ku kuwa kun san Hausa tana da hawa da sauka. In an ja kalma inda ba a janta, sai ta fita wani iri a kunne. Haka dai tsofaffin nan suka rera su, ba tafi, ba rausaya, har waƙoƙin suka shiga jininsu. A ganina bai kamata a yi masu dariya ba. Mutumin da ya rasa dangi saboda imaninsa, duk abin da ya tarar a sabon gidan zai riƙe shi da hannu biyu.

Duk da haka ba su zama Turawa ba. In an yi haihuwa, sai su tara jama'a da sassafe ran suna, a raba goro, fasto ya yi addu'a ya faɗi sunan. Sunayen ma da yawa irin na kowa ne: Ibrahim, Musa, Dauda, Maryama. Sai ka ji Bulus ko Rifkatu kafin ka gane gidan Kirista ne.

To, sai ƴaƴansu suka taso. Rigimarsu da mishan ba a kan kiɗa ta fara ba, a kan lakwal ce. Ƴan mishan sun fi son makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, yaro ya fito ya zama mai wa'azi a ƙauye, yana noma. Samarin kuwa suna gani da idonsu, wanda ya iya Faransanci shi ke samun aikin gwamnati. Suka ce an bar su a baya. Nijar ta sami mulkin kanta ran 3 ga Agusta 1960. A wannan zamani ne masu bishara suka kafa ikilisiya tasu ta ƴan ƙasa, wadda ake kira EERN. Shugabanci ya fara komawa hannun baƙar fata. Da Bature ya ja baya, sai aka fara tambaya: cikin dokokin nan, wace ce ta Allah, wace ce ta Bature?

Masu karatun cikinsu suka duba littafinsu. Suka tarar Zabura ta ƙarshe, ta 150, tana kiran mutane su yabi Allah da kayan kiɗa iri-iri, har da rawa. Amma ba maza masu muhawara ne suka shigo da ganga ba. Mata ne. Suna da ƙungiyarsu, Zumuntar Mata, irin wadda ke majami'un arewacin Nijeriya. Sukan taru su yi addu'a, su gai da mara lafiya, su yi gudummawar buki. Suka riƙa tsara waƙoƙinsu da kansu, da muryar da suka gada wurin daka da niƙa, ɗaya ta bayar, saura su amsa. Suna buga bakin tulu da tafin hannu, suna kaɗa caki. Wane dattijo zai tashi ya ce tulu kayan bori ne, alhali da shi aka ɗebo ruwan da ya sha da safe? Daga tulu sai ganga ta biyo. Yau da wuya a yi babban taron ikilisiya ba a ba mata fili ba, sanye da zane iri ɗaya.

Zaman bai tafi sumul ba. Daga 1989 ikilisiyar ta dare, har ta zama gida uku, a kan shugabanci da bambancin yanki. A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai, aka sakar wa ƙungiyoyi mara. Sababbin majami'u suka yawaita, waɗanda ake kira Fentikos, wasu daga Nijeriya da ƙasashen bakin teku. Su suna addu'a da ƙarfi, kowa na tasa a lokaci ɗaya. Suna addu'ar warkar da marasa lafiya da korar aljannu. Suna da jita da amsa-kuwwa. Jikokin masu bi na farko, yaran birni masu Faransanci, da yawa suka karkata can.

Musulmi mai karanta wannan zai ce ya san irin labarin. A shekarun nan ne Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bazu a Maraɗi, samari suka fara yi wa iyayensu gardama a kan bukukuwa da al'adu. Iska ɗaya ce ta kaɗa gidajen biyu.

Abin da ya fi damun dattawan Kirista ba ƙarar kiɗan ba ce kawai. Su sun zauna shekara da shekaru tsakiyar Musulmi da kunya da kawaici. Sun san gidan liman, ana gayyatarsu suna da jana'iza. Suna tsoron wa'azi mai zafi a amsa-kuwwa ya ɓata wannan zama. Samarin kuwa suna cewa su ƴan ƙasa ne kamar kowa, ba za su ɓoye addininsu ba.

Wahala ta zo, kuma ba ta zaɓi tsoho ko yaro ba. A Nuwamba 2000 aka yi zanga-zanga a kan wani bukin nunin tufafi da aka shirya a Yamai. A Maraɗi abin ya shafi Kiristoci, aka sa wa majami'a wuta. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, fushi ya tashi saboda zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jarida ta buga a Faransa. Aka ƙone majami'u masu yawa, na Katolika da na masu bishara, tsofaffi da sababbi. Mutum 10 suka mutu. Kiristocin nan ba su da hannu a zanen. A wasu unguwanni Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa.

An sake gina majami'u da yawa. A birane wasu sukan yi sujada da Hausa da Faransanci, ko a raba lokaci, ko a sa mai fassara. Dattawa na zaune gaba da tsohon littafin waƙoƙinsu. In an gama waƙarsu, mata su tashi da tulu da ganga. Bayansu samari su ɗauki jita. Matan da aka yi wa faɗa jiya a kan ganga, yau su ne kakanni, kuma su ne ke aika yaro ya ce a rage ƙarar amsa-kuwwa.