Daga Matan Fada Zuwa Bakin Teku: Tarihin Su Da Fatsa

A wannan fitowa filinmu na tarihi ruwa zai shiga. Dalili kuwa wata hira ce da ta ɓarke a majalisarmu ta bayan la'asar, inda wani dattijo daga cikinmu, tsohon soja da ya yi shekaru yana aiki a Legas, ya ba mu labarin abin da ya sha gani a can. Ya ce Turawa da wasu attajirai sukan biya kuɗi masu kauri su ɗauki hayar jirgi da matuƙinsa, su yini cikin rana suna jefa fatsa mai siririn zare, in sun kama ƙaton kifi kuma wani sa'in hoto kawai za su ɗauka da shi su mayar da shi ruwa. Majalisa ta kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba, ai wannan ƙoshi ne kawai." To, da muka koma muka bi diddigin al'amarin, sai muka ga ashe akwai tarihinmu a ciki, akwai kuma abin da ya shafi kifin da ke shiga tukunyarmu.

Da farko dai mu tuna cewa Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Mu da ke zaune a nan, iyayenmu daga wurare daban-daban suka taho, wasu aikin soja ya kawo su, wasu kasuwanci, kuma ba za a rasa waɗanda asalinsu na bakin gulbi ba ne. Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 da hedikwatarta a Surame, su babbar sana'a ce a ƙasar Kabi. Masuntan wannan yanki da na Yawuri, waɗanda ake kira Sarkawa, su ne suka yi fice, har ta kai sukan bi kogin Kwara da Binuwai su kafa tunga duk inda kifi yake. Suna da Sarkin Ruwa, kuma maganarsa doka ce: shi ke cewa a shiga ruwa, shi ke cewa a dakata.

Wannan doka ita ce ƙashin bayan bikin Argungu, wanda aka fara shi a tsarin da muka sani a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa wasan su domin tabbatar da zumunci bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Jama'a sukan kalli dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin gulbin Matan Fada, amma ba kowa ke lura da abin da ya sa ake samun manyan kifaye ba. Sirrin shi ne an hana su a wannan wuri sai ranar biki, saboda haka kifi ke samun sukunin girma. A 2005 an kama giwan ruwa mai nauyin kilo 75, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Kayan aikin masunci na da kuwa kowanne da wurinsa. Akwai homa ta hannu, akwai birgi da ake watsawa, akwai taru da jama'a ke ja, akwai undurutu, akwai mamari mai ƙugiyoyi da yawa a jere. Sai kuma ƙaramarsu duka, wato fatsa: kara ko siririn gora, zare, ƙugiya ɗaya, da tana a matsayin ƙoto. Wane ne a cikinmu bai taɓa zama bakin rafi da damina yana jiran tarwaɗa ko karfasa ta ja zare ba? Fatsa ba ta cika kwando, amma kifi ɗaya take ɗauka ta bar saura, kuma ita ce makarantar farko ta ɗan masunci, domin a nan yake koyon haƙuri da sanin inda kifi ke kwanciya.

Abubuwa sun fara sauyawa ne daga wajen 1960, lokacin da komar zaren roba ta cika kasuwa. Da can masunci da kansa yake murza zare ya saƙa komarsa, ta jiƙe ta ruɓe ya sake wata. Ta roba kuwa ba ta ruɓewa da wuri, ga araha, ga kama kifi da yawa. A daidai wannan lokaci ne aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta iso Bauchi a 1961, ta kai Maiduguri a 1964, ga kuma manyan motoci, sai kifin banda na tafkin Chadi ya samu hanyar zuwa kasuwannin kudu. Masunta Hausawa da dama suka yi ƙaura zuwa Baga da tsibiran tafkin. A yamma kuma aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu na bakin kogi, sabon tafki ya samu, masunta daga ko'ina suka yi masa ca.

Amma daɗin bai ɗore ba. Tafkin Chadi, wanda a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya ja baya ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Daga baya rikici ya zo, harin da aka kai Baga a watan Janairu 2015 ya tarwatsa babbar kasuwar kifin na tsawon lokaci. A ruwaye da dama na ƙasar nan kuma aka shiga amfani da koma mai ƙananan idanu, wasu marasa tsoron Allah har da zuba maganin ƙwari irin su Gammalin 20, wanda ke kashe babba da ƙarami. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa dokar su ta ruwayen cikin ƙasa a 1992, wadda ta haramta guba da nakiya da lantarki wajen kama kifi. Giɓin da aka samu kuwa kifin teku ne ya cike shi. Michael Ibru ne ya fara harkar kifin ƙanƙara a Legas a 1957, da farko mutane suna ƙyamarsa, amma yanzu je ka kasuwar Muda Lawal ko Wunti ka ga yadda ake sayen sukumbiya. Wato dai teku ta daɗe da shigowa gidajenmu, ko da yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba.

To, tun da mun iso teku, bari mu koma kan labarin dattijonmu. Su Turawa sun daɗe da mayar da fatsa abin nishaɗi. Tun a 1653 wani Baturen Ingila mai suna Izaak Walton ya rubuta littafi sukutum a kanta. Abu biyu ne suka kai wannan wasa bakin teku ga kowa da kowa. Na ɗaya, ƙaramin injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, wanda Ole Evinrude ya ƙera a Amurka a 1909. Na biyu, zaren roba na fatsa, wanda kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1939. A wannan shekara ce kuma aka kafa ƙungiyar IGFA a Amurka, mai ajiye lissafin manyan kifayen da aka kama da fatsa da kuma ƙarfin zaren da aka kama su da shi. Dubi ikon Allah: zaren da ya ba mu komar da ke share ruwa, shi ne su kuma ya ba su siririyar fatsa.

Ga yadda sana'ar take. Ba tsakiyar teku ake zuwa ba, kusa da gaɓa ake tsayawa, a bakin koguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, da lungunan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwa, domin nan ne ƙananan kifaye ke fakewa, manya kuma su biyo su. Mai jirgi yakan ɗauki mutum biyu zuwa huɗu na rabin yini ko yini guda, shi zai kawo sanda da ƙoto da rigar ceto. A jikin sandar akwai ɗan keke mai naɗe zare, yana da wani irin birki, in kifi ya fizga da ƙarfi sai ya sakar masa zare maimakon ya tsinke, in ya lafa sai a naɗo. Da haka ake gajiyar da kifin da ya ninka ƙarfin zaren sau da yawa. Ba ƙarfin damtse ba ne, lallaɓawa ce.

Kuma kada mu ɗauka abin na ƙasashen Turai ne kaɗai, a nan Afirka ta Yamma ma ana yinsa. A Gambiya, wajen gadar Denton da ke mashigar Banjul, jirage ke jiran baƙi su kai su lunguna neman barakuda, mai haƙora kamar na tsage. A Saliyo tsibirin Sherbro ya yi suna wajen wani kifi mai ƙyallin azurfa da manyan ɓawo da ake kira tafon, wanda in ya ji ƙugiya yakan yi tsalle sama da ruwa. Mafi girman irinsa da aka taɓa rubutawa an kama da fatsa, mai kilo 130, a tsibirin Rubane na ƙasar Gini Bisau aka kama shi a watan Maris 2003. Giwan ruwanmu ma ya shiga lissafin, domin a shekarar 2000 an kama mai kilo 104 da fatsa a tafkin Nasser na Masar. A Nijeriya kuwa muna da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, Ilaje da Egun da Ijo su ne Sarkawan wannan ruwa, kuma doka ta hana manyan jiragen jan koma shiga mil 5 na farko daga gaɓa, domin a bar wa ƙananan masunta.

Yanzu mu tambayi kanmu, mene ne baƙon nan yake biya wa kuɗi? Ba kifin ba ne, don da kifi yake so da kasuwa ta fi masa araha. Sanin ruwa yake saye. Teku takan cika ta janye sau biyu a kowace rana, ƙarfin cikar kuma yana bin wata, matuƙin ne ya san sa'ar da kifi ke fitowa kiwo da lungun da yake bi. Shi ya sa matuƙin ba ya son a kashe kowane babban kifi, domin kifin da aka mayar yau shi zai kawo masa wani baƙon gobe. Jama'a, wannan ba shi ne hikimar Sarkin Ruwan Kabi ba? Ashe abin da muka yi wa dariya a majalisa, kakanninmu sun riga kowa saninsa, mu ne muka yi sake da shi.

Mu a Bauchi ba mu da teku, amma Allah bai hana mu ruwa ba. Ga madatsar Gubi da muke sha daga gare ta, ga kogin Gongola a Dindima kan hanyar Gombe, ga tafkin Maladumba a ƙasar Misau, ga kogin Jama'are a arewa, ga Dadin Kowa wadda tamu ce kafin a ƙirƙiro jihar Gombe a 1996. Sai dai abin takaici, da damina mukan ga yaranmu sun ɗauki gidan sauro sun nufi rafi da kududdufi suna tace 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, babu babba tare da su, da yawansu kuma ko iyo ba su iya ba. Asara biyu ke nan, ta kifi da kuma ta rai, Allah ya kiyaye.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su hana wannan ɗabi'a. Yaron da ke sha'awar ruwa a haɗa shi da babba wanda ya san ruwa, a ba shi fatsa, a koya masa cewa ƙaramin kifi mayar da shi ake yi. Uwaye mata kuma in an kawo muku tallan 'yan mitsi-mitsin kifi, ko wanda ake shakkar yadda aka kama shi, ku ƙi saye, don in babu mai saye babu mai kamawa. Muna kuma roƙon dattawanmu 'yan asalin Argungu da Yawuri da Haɗeja, da waɗanda suka zauna Baga, su ba sakataren ƙungiya lokaci a rubuta abin da suka sani na sunayen kifaye da kayan su da dokokin ruwa, tun suna tare da mu. Duk abin da aka samu za mu kawo muku shi a wannan fili.

Allah ya albarkaci ruwayenmu, ya tsare mana zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.