Tukunyar Da Ba a Leƙawa: Labarin Zane Daga Japan da Girkin 'Yan Daudu

A 2007 mujallar Morning ta kamfanin Kodansha ta fara buga labarin zane na Fumi Yoshinaga mai suna Kinō Nani Tabeta?, wato Me Ka Ci Jiya? Maza biyu ne da suka haura arba'in suke zaman tare a matsayin masoya a Tokyo: Shiro Kakei lauya, da Kenji Yabuki mai gyaran gashi. Kusan kowane babi a kan cefane da girki yake tafiya. Shiro ya ƙayyade wa cefanen gidan yen 25,000 a wata, yana bin shaguna neman rangwame, har kankana yakan raba da wata matar unguwa don kada ta lalace. Tsufan iyaye da ɓoye kai a wurin aiki duk a bakin murhu suke fitowa.

A Najeriya kuwa, a watan Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a garin Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 kuma, bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, jama'a suka yi ta jifan wata kotun Shari'a a garin na Bauchi, inda ake tuhumar wasu da luwaɗi. Abin da takarda ta adana mana ke nan game da waɗannan mutane: kamu, tuhuma, bulala.

Ga abin da nake jayayya a kai. Bahaushe ya daɗe yana cin abinci daga hannun ɗan daudu, a tasha da bakin kasuwa da gidan biki, soyayyar kaza da waina da tuwo. Rudolf Gaudio ya bayyana wannan sana'a a binciken da ya yi a Kano, wanda ya fito a 2009. Daudu da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne, kuma da yawa daga 'yan daudu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne da malamin jami'a bai kamata ya gada daga bakin titi ba. Amma duk da wannan sanayya, a fim da wasan kwaikwayo ɗan daudu abin dariya ne kawai, mai karairaya da habaici. Nawa yake samu a kaskon waina? Wa yake ciyarwa da ribar? Wa zai dafa masa idan ƙarfinsa ya ƙare? Adabinmu bai tambaya ba.

Za a ce addininmu da al'adarmu daban suke da na Japan, kuma haka ne. Hukunci yana da malamansa da alƙalansa. Sai dai marubuci aikinsa kallo ne, kuma Yoshinaga ta yi kallon a ƙasar da ita ma dokarta ta ƙasa ba ta amince da auren jinsi ba. Ta zaunar da mai karatu a kan tabarmar cin abinci, ta bar jarumanta suna tsufa tare da shi shekara bayan shekara, har aikin ya ci kyautar Kodansha a 2019.

Mai nazarin Hausa da ke son fara irin wannan kallo ba sai ya je nesa ba. Ya fita da asuba kafin a ɗora kasko, ya tambayi mai waina nawa ya auno shinkafa jiya, da wanda ya jiƙa masa ita.