Labarin Zubaida 'yar Ja'afaru, wadda ta shayar da alhazai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani ya jama'ar Takari mazauna hanyar Makka, wannan labarin Zubaida ne, 'yar Ja'afaru ɗan Halifa Mansuru wanda ya gina Bagadaza. Sunanta na yanka Amatul Azizi. Kakanta ne ya laƙaba mata Zubaida, wato 'yar curin man shanu, domin taushin jikinta tana ƙarama, sai laƙabi ya danne suna. A shekara ta 165 ta Hijira aka aurar da ita ga Haruna Rashidu, ɗan ƙanen ubanta.

A zamaninta ruwa ya yi wuya a Makka, har an ruwaito salka guda ta kai dinari. Mai hali ya saya, talaka ya haƙura da ƙishi. Da ta ga haka sai ta tara magina, ta ce a jawo ruwa daga Hunaini zuwa Makka, daga kwarin Nu'umana kuma zuwa Arfa. Aiki ne na fasa duwatsu, a bi da ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, a bar bakin rijiya nan da can domin yasa. Ma'ajinta ya tsorata da kuɗin, ya zo ya yi magana, ta umarce shi ya ci gaba ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Mas'udi ya ƙididdige abin da ta kashe, dinari 1,700,000. Ruwan nan alhazai sun sha shi fiye da shekara dubu. Sa'an nan ta sa aka haƙa rijiyoyi da tafkuna a zango-zango daga Kufa zuwa Makka, har hanyar ta ɗauki sunanta, ko da yake ta girme ta.

An ce tana da kuyangi 100 mahaddata Alƙur'ani, mai wucewa yakan ji gidanta kamar amon ƙudan zuma.

Amma son ɗa ya ja ta inda bai kamata ba. Ita ta tsaya har Haruna ya gabatar da ɗanta Aminu a kan Ma'amunu ɗan sa-ɗaka, alhali Ma'amunu ya girme shi, ya kuma fi shi natsuwa. Haruna ya rasu a 193, 'yan'uwa suka zare wa juna takobi. Ko a nan halinta bai ɓuya ba: da rundunar ɗanta za ta fita, ta yi wa sarkin yaƙi wasiyya kada ya wulaƙanta Ma'amunu, ta ba shi mari na azurfa in ɗauri ya zama tilas. Rundunar ta karye. A 198 mutanen Ɗahiru suka kashe Aminu a Bagadaza. Aka zuga ta ta nemi fansa, ta ƙi, ta karɓi Ma'amunu a matsayin ɗa, shi kuma ya mayar mata da dukiyarta, ya girmama ta har ta rasu a Bagadaza a 216, wato 831 ta Miladiyya. Allah ya jiƙanta. Tammat.